Sikeli Biyu: Gasar Rage Ƙiba da Abin da Madarunfa ta Gani

A watan Oktoban 2004, lokacin da manoman Madarunfa da Gabi da Safo a jihar Maradi ta Nijar ke ɗaure dammunan gero suna lissafin abin da damina ta bar musu, tashar NBC ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna The Biggest Loser. An tara mutum 12 masu ƙiba sosai a wani gida a jihar Kalifoniya, aka raba su rukuni biyu, kowane rukuni da mai horar da shi. Duk mako sai a ɗora kowa a kan wani ƙaton sikeli a gaban kyamara, a bayyana nawa ya zubar. Rukunin da ya gaza shi zai sallami mutum ɗaya daga cikinsa. Wanda ya yi zarra a ƙarshe ya tafi gida da dala 250,000. Masu shirin sun ce manufarsu ita ce koya wa jama'a cin abinci da hankali da motsa jiki. Yau an yi sama da shekara ashirin, an kuma bi sawun mutanen da suka shiga, don haka ana iya duba maganar da hujja.

Mutumin Maradi ba baƙo ba ne ga gasar jiki, sai dai tasa ta fuskanci wani gefen. A nan ƙiba ita ce shaidar kwanciyar hankali. Mace ta zo ganin gida, abin da gwaggo za ta fara dubawa shi ne wuyanta da damatsanta. In ta cika, a ce miji yana riƙe ta da kyau. In ta rame, a ja ta ɗaki a tambaye ta, ’yar nan, me ke damunki? Mai jego tana da kwana arba'in na kunun kanwa da gasasshen nama, ana so ta fito suna da arba'in tana sheƙi. A yammacin ƙasar, wajen Zabarmawa, akwai bikin hangandi inda mata ke ɗaukar lokaci suna cika ciki da gero da madara, ranar taro a zaɓi wadda ta fi kowa cika ido.

Da maganin bature ya cika kasuwa, sai gaggawa ta shigo cikin al'adar. A watan Fabrairun 2001 jaridar New York Times ta buga rahoton wakilinta Norimitsu Onishi daga birnin Maradi, inda ya tarar mata suna sayen ƙwayoyin ƙara ƙiba a kasuwa, wasu har da magungunan da aka yi domin dabbobi. Hausawa sun daɗe da laƙaba wa irin waɗannan ƙwayoyi suna sha-ka-fashe. Galibi iri biyu ne. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura, wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Akwai dezametazon, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci ga mai asma ko kumburi. Shi wannan na biyun, in aka daɗe ana sha, fuska ce ke kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ƙafafu da hannuwa su sirance, fata ta yi nankarwa. Bayan haka sai hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, da jikin da ba ya iya korar cuta. Turkar rago ake yi wa mutum, kuma shi rago an san ranar da aka yi masa tanadi.

A Amurka zagayen farko ya ƙare da nasarar wani mai suna Ryan Benson, wanda ya sauko daga kilo kusan 150 zuwa 94. Daga baya shi da bakinsa ya faɗi yadda aka yi. Kwanaki goma na ƙarshe bai ci abinci mai nauyi ba, awa 24 kafin awo ko ruwa bai sha ba, ya yi ta motsa jiki cikin riga mai sa gumi, har ya kai yana fitsarin jini. Cikin kwana biyar da gama gasar, kilo wajen 14 suka dawo, don ruwa ne dama ya bar jikin. A shekarun da suka biyo ya koma nauyinsa na da. Masu kallo ba su ga wannan ba. Sun ga hawayen murna da tafi.

Watanni kaɗan bayan wannan tafi, Maradi ta shiga shekarar da har yau ake tunawa da ita. Daminar 2004 ta yanke da wuri a wurare da yawa, fara ta yi ɓarna a arewa, ’yan kasuwa suka riƙa kai hatsi Najeriya inda ya fi tsada. Zuwa tsakiyar 2005 buhun gero ya doshi jika talatin a wasu kasuwanni, ninki biyu da ɗoriya na farashin da aka saba. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne, yaran da suka fi shiga tamowa daga yankunan noma suke, Madarunfa da Gidan Runji da Agye, inda jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, magidanci ke sayar da amfaninsa da kaka ya dawo yana saye da tsada kafin sabon gero ya nuna. A watan Yuli hotunan BBC daga Maradi suka zagaya duniya. A watan Agusta Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. A waccan shekara ƙungiyar likitocin nan ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi.

A nan ma sikeli ne a tsakiyar lamarin, kuma duk mako ake hawansa. Uwa ta taso da asuba da yaro a goye, ta bi layi. A naɗa wa yaron wani ɗan tef mai launi uku a damtse, ja da rawaya da kore. A saka shi cikin wandon awo ko roba, a rataye a ƙugiyar sikeli, yana kuka yana harba ƙafa, malamin asibiti ya jira allurar ta tsaya ya rubuta a kati. A danna masa ƙafa da yatsa a ga ko wurin zai lotsa, alamar kumburi. A ba shi ɗan abinci a gaban ma'aikaci a ga ko zai ci. In ya ci, kuma ba wata cuta, sai a ƙirga wa uwar ledojin Plumpy'Nut na mako guda ta koma gida. Ledar gram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, haɗin gyaɗa da madarar gari da mai da suga da sinadaran gina jiki, wanda likitan yara André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka ƙirƙiro a 1996. Ba a sa mata ruwa, ba a dafawa. Wanda ya galabaita ne kaɗai ake kwantarwa, shi ma da madara mai sauƙi ake fara masa, a hankali, domin jikin da ya daɗe da yunwa yana iya faɗuwa in aka ɗura masa abinci lokaci ɗaya. Fiye da tara cikin goma na yaran da aka karɓa a Maradi sun warke.

Ina ganin abin da ya sa wannan awo ya yi amfani shi ne, ba a gwada wani yaro da wani. Nauyinsa na makon jiya ake dubawa. Yaron da bai ƙaru ba, ba a sallamarsa, shi ne ma ake ƙara sa wa ido, a bi shi gida a ga ko ana raba ledarsa da yayye, ko zazzaɓi ne ke cinye abin da ya ci. Kuma aikin a cikin gidansu ake yinsa, a hannun uwarsa, a tsakar gidan da zai ci gaba da zama.

Daga nan hankali ya koma kan rigakafi. A 2006 aka yi wani bincike a ƙauyuka 12 na Madarunfa da Gidan Runji, aka ba yaran ƙauyuka shida leda ɗaya kullum har wata uku kafin kaka, tun ba su rame ba. Sakamakon da Sheila Isanaka da abokan aikinta suka buga a mujallar JAMA a 2009 ya nuna tamowa mai tsanani ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a waɗannan ƙauyuka. A watan Yulin 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maradi, daga baya aikin Madarunfa ya ci gaba tare da ƙungiyar likitocin Nijar ta Forsani.

Shi kuwa shirin Amurka sai bunƙasa yake yi. Ƙasashe da dama suka sayi tsarinsa, tashar MBC da ake kamawa da tauraron ɗan adam a gidajenmu ta yi nata na Larabci. A 2009 aka yi zagaye na takwas, wanda ya zama mafi muhimmanci a tarihin shirin, domin wani masani a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, Kevin Hall, ya auna ’yan gasar 16 tun daga farko. Zakaran shekarar, Danny Cahill, ya faro da kilo 195 ya ƙare da 87 cikin wata bakwai, yana motsa jiki wajen awa bakwai a rana. A 2014 wata mai suna Rachel Frederickson ta fito ranar ƙarshe ta zubar da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta, daga kilo 118 zuwa 48, har masu horarwar suka kasa ɓoye firgici a fuskokinsu.

A watan Mayun 2016 Hall ya buga abin da ya samu a mujallar Obesity. Mutum 14 cikin 16 suka yarda aka sake auna su bayan shekara shida. A lokacin gasar kowannensu ya zubar da kilo 58 a matsakaici. Bayan shekara shida kilo 41 sun dawo. Goma sha uku sun sake ƙiba, huɗu sun wuce nauyinsu na farko. Abin da ya fi tayar da hankalin masanan shi ne abin da ke faruwa a cikin jikin. Ko mutum yana kwance, jikinsa yana ƙona abinci don numfashi da bugun zuciya da ɗumi. In aka matsa masa da yunwa, sai ya rage wannan ƙonawa, ya koma tsimi. An san da haka tun da daɗewa, amma ana zaton yana warwarewa. A jikin waɗannan mutane bai warware ba. Bayan shekara shida, jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da yadda ya kamata ga mai irin girmansu, kullum, wato daidai da ledar tamowa guda. Na Cahill ya kai 800. Sinadarin leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya faɗi ƙasa warwas a ƙarshen gasar, ya bar su da yunwar da ba ta jin lallashi. Mutanen da duniya ta yi ta zargi da kwaɗayi da lalaci, ashe da jikinsu suke kokawa.

Adalci ya sa a faɗi ɗayan gefen. A matsakaici sun tsaya da kusan kashi 12 cikin ɗari ƙasa da nauyinsu na farko, kuma ko kashi biyar zuwa goma yana sauƙaƙa suga da hawan jini. Wani bincike na 2017 a kan mutanen nan ya nuna waɗanda suka fi riƙe ramarsu su ne waɗanda suka ci gaba da motsa jiki wajen minti 80 kullum. To amma wannan ɗabi'a ce da suka gina wa kansu bayan an kashe kyamara, a tsakanin aiki da iyali. Gasar ta koya musu awa bakwai a rana a gidan da ba aiki, ba ’ya’ya, ba cefane. Babu magidanci ko uwar gidan da za su iya ɗaukar wannan su kai gida. Masu kallo ma ba su tsira ba: wani gwaji da aka buga a 2012 ya nuna kallon kashi ɗaya na shirin yana ƙara wa mutane ƙyamar masu ƙiba, ya ƙara musu zaton cewa laifin mai jikin ne kawai.

NBC ta daina nuna shirin a 2016. Tashar USA Network ta farfaɗo da shi a 2020, zagaye ɗaya ya tsaya. A watan Agustan 2025 Netflix ta fitar da wani fim na bin diddigi mai suna Fit for TV, inda tsofaffin ’yan gasa, har da Benson da Cahill, suka ba da labarin abin da suka sha da yadda aka bar su su kaɗai bayan an raba kyauta.

A Madarunfa har yanzu tamowa ce babbar damuwa, kuma duk damina gadajen yara na cika, da ’yan gida da waɗanda iyaye ke tsallako da su daga Jibiya ta Najeriya ta hanyar Dan Isa. Amma Maradi birni ne na ’yan kasuwa, zama a shago da hawan babur da lemon kwalba sun kawo nasu cututtukan, likitoci na ganin masu suga da hawan jini fiye da da. Waya kuma ta kawo tallar shayin rage tumbi a Facebook da TikTok, da hoton kafin da na bayan, da alƙawarin kilo goma a wata. Tsarin gasar Amurka ne aka ƙanƙance shi ya shiga aljihu. An sha kama irin waɗannan kaya a ƙasashe da dama ɗauke da sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Wasu kuwa magungunan sa zawo ne da na sa fitsari, ruwa suke fitarwa kamar yadda Benson ya yi.

Abin da likitoci suka tsaya a kai bai canza ba: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ga mai son ragewa, rage suga da soye-soye, tafiyar ƙafa, da abincin da ke hannu, gero da wake da zogalen da Jiratawa ke nomawa har ana kai wa wasu garuruwa. Sha-ka-fashe kuwa bai bar tebur ba, sau da yawa mai sayar da shi ne ke sayar da shayin. Wadda ta daɗe tana shan dezametazon ba ta dainawa rana ɗaya, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin, yankewa kwatsam na iya jefa ta cikin suma ko abin da ya fi haka. A asibiti ake rage mata shi kaɗan-kaɗan, wani lokaci har tsawon watanni.