Kabeji da Naman Ajiya: Yadda Baƙon Ganye Ya Zama Ɗan Gida a Hunturun Zamfara

1/ Jama'a, hunturu ya kama, lokacin kabeji ya yi. Zaren yau a kan tarihinsa ne: daga ina ya zo mana Anka da Bukkuyum da Gummi, me ya sa sai da sanyi yake auki, kuma me ya haɗa shi da wani abincin Turawa da mu ba ma ci. Ku gyara zama.

2/ Mu fara da sunan. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, kuka, duk sunayen gida ne. Amma kabeji? Daga Turancin Ingila muka aro shi, kamar dai karas da latas. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa baƙo ne, kuma ya nuna maka wanda ya rako shi.

3/ Ga ƙarin hujja. Ka tsallaka Maraɗi ka je kasuwa, za ka ji 'yan'uwanmu na can suna ce masa "shu". Daga Faransanci suka ɗauko. Ganye ɗaya, Hausa ɗaya, suna biyu, don kawai masu mulkin mallakar ba ɗaya ba ne.

4/ Asalinsa ciyawar daji ce da ke fitowa a duwatsun bakin teku a yammaci da kudancin Turai. Girkawa da Romawa sun noma shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma mai dunƙulallen kai ɗin nan da muka sani, sai daga baya manoman Turai suka samar da shi ta hanyar zaɓen iri.

5/ Me ya sa Turawa suka riƙe shi haka? Sanyinsu ba irin namu ba ne. Ƙanƙara na rufe gona wata da watanni, babu ɗanyen ganye ko na magani. Kabeji na cikin 'yan tsirarun da ke jure sanyi, kuma in an ajiye shi a wuri mai sanyi yana daɗewa bai ruɓe ba.

6/ Nama ma haka. Talakan ƙauye a can ba ya iya ciyar da dabbobinsa duk tsawon sanyi, sai ya yanka alade wajen watan Nuwamba, ya cika naman da gishiri, wani ya banda shi da hayaƙi. Shi ne "bekon". Ganyen ajiya da naman ajiya suka haɗu a tukunya ɗaya.

7/ A ƙasar Ailan wannan haɗi ya zama kamar tuwo da miyar kuka a wurinmu: kabeji, naman gishiri, dankalin Turawa. Ba abincin sarakuna ba ne, abincin mai ƙaramin ƙarfi ne da ke neman ya kai bazara da rai.

8/ Sai yunwa ta faɗa wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, bayan cuta ta lalata dankali. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, da yawa zuwa Amurka. Ku riƙe wannan, nan ne labarin ya shafe mu.

9/ A New York sun tarar naman sa mai gishiri, wanda mahautan Yahudawa maƙwabtansu ke sayarwa, ya fi sauƙin samu. Yahudawa kuwa ba sa cin alade, kamar mu. Sai 'yan Ailan suka canza nama suka bar kabejin. Har yau shi ake ci a Amurka ranar bikinsu, 17 ga Maris.

10/ Darasin: aladen ba shi ne ginshiƙin abincin ba. Ginshiƙin shi ne gishiri, maiƙo da ƙamshin hayaƙi su haɗu da ganye mai ɗan zaƙi. Duk inda girkin ya je, da naman da mutanen wurin suka halatta wa kansu yake tafiya.

11/ To mu dawo gida. Kada wani ya ce Bature ne ya koya mana lambu. Tun kafin sojan Ingila su ci Sakkwato a 1903, kakanninmu na noman rani a fadama. Da jigo suke ɗebo ruwa, suna shuka albasa, alkama da taba. Gwanintar tana nan, irin ne sabo.

12/ A zamanin mulkin mallaka ne irin kabeji, karas da latas ya bazu, musamman inda Turawa suka zauna da yawa. Jos, mai sanyi da haƙar kuza, ta yi fice, kuma har gobe Filato na cikin manyan wuraren da ke ba Najeriya kabeji.

13/ Mu nan yammacin Zamfara ba mu da tudun Jos, amma muna da abu biyu: gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasarmu ya nufi Kabi, da kuma hunturu. Kabeji ya fi son sanyin da bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba. Darare da safiyoyin Disamba da Janairu su ke ba shi wannan.

14/ Shi ya sa ake yin reno bayan damina, a dasa da shigowar sanyi, a cire bayan kamar wata uku. In ka makara zafin Maris da Afrilu ya riske ka, kan ba zai naɗe da kyau ba, tsutsa kuma ta yi biki. Ka tambayi kowane mai lambu.

15/ Abin da ya mayar da shi abincin kowa shi ne ruwa. An kammala madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978. Wannan aiki bai zo da daɗi ba: a Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Allah ya jiƙansu.

16/ Daga farkon shekarun 1990 kuma shirin Fadama, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin ban-ruwa. Jigo ya ja baya. Mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai gayya. A Nijar ma bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani.

17/ Da ya shigo madafa, bai ƙwace wurin kowa ba, gurbi ya cike. Da rani rama da tafasa sai busassu. Kabeji ya zo ɗanye shar a daidai lokacin. Iyayenmu mata suka yi masa abin da suke yi wa zogale: ƙuli-ƙuli, albasa, yaji, mai. Kwaɗo ya haɗu.

18/ Daga nan ya shiga dambu, ya hau kan shinkafa da wake da mai da yaji, ya zauna gefen tsire a takardar mai nama. Yau yaro ɗan shekara goma a Gummi zai rantse maka kabeji tun fil azal namu ne.

19/ Naman ajiya fa? Mu ma muna da namu tun da daɗewa, kuma halal: kilishi, banda, da soyayyen naman layya da ake adanawa cikin mai. Matsalar da Bature ya warware da gishiri da hayaƙi, mu mun warware ta da rana, gyaɗa da wuta.

20/ Ga yadda ni nake haɗa su. Soya albasa da attarugu a man gyaɗa. Yayyaga kilishi ko banda ƙanana, ki ɗan yayyafa masa ruwa ya yi laushi, ki zuba. In ƙamshi ya tashi, ki sa yankakken kabeji, ki juya, ki rufe minti biyar zuwa bakwai.

21/ Sharaɗi biyu. Kada a tsuga ruwa, ganyen na fitar da nasa. Kada kuma a daɗe, don dahuwa mai tsawo ce ke fito da warin nan da ke sa wasu tsanar kabeji, tana kuma rage sinadarin bitamin C da ke cikinsa. A ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, kilishi ya zo da nasa.

22/ Yanzu ga abin da ya sa na yi zaren nan. Duk wannan tarihi a kan fadama ya tsaya, fadamar kuma tana cikin hali. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma.

23/ Dalma ba ta ruɓewa, a ƙasa take zama. Don haka duk inda aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinari ba wurin lambu ba ne. Kuma ko daga ina kabeji ya zo, a cire ganyen waje, a wanke sauran sosai, saboda ƙura da maganin feshi.

24/ Sai kuma matsalar tsaro. Lambu ba gero ba ne da za ka shuka ka leƙa jefi-jefi. Kabeji na son ban-ruwa a kai a kai har wata uku. Manomin da ke gudun hijira a cikin garin Anka, ko wanda 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin ya taka gonarsa, ta yaya zai yi?

25/ Taken jiharmu, wadda aka ƙirƙiro a 1996, yana cewa noma ne abin alfaharinmu. Gwanintar lambu kuwa ba a littafi take ba, a hannu take, uba ke miƙa wa ɗa a bakin gulbi. In aka yi shekara goma yara ba su je fadama ba, ilimin zai iya tafiya da tsofaffi.

26/ Roƙona ƙarami ne. In kana da kaka ko kawu da ya yi lambu, zauna da shi a hunturun nan. Tambaye shi yaushe ya fara ganin kabeji, wa ya kawo irin, me suke shukawa kafin nan. Ka naɗa a waya. Tarihin ƙauyukanmu kenan da ba a rubuta ba.

27/ 'Yan Gummi, Bukkuyum, Anka: a gidanku da me ake cin kabeji, kwaɗo ko dambu? Nawa ake sayar da kai ɗaya a kasuwarku bana, kuma daga ina ake kawo shi? Ku ajiye amsa a ƙasa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gonarsa. Amin.