Dandalin San Marko na Birnin Venis

Dandalin San Marko shi ne babban filin taro na Venis, birnin da aka gina a kan ƙananan tsibirai a gaɓar tekun Adiriyatik, arewa maso gabashin Italiya. Tsawonsa ya kai kimanin mita 175, yana kuma ƙara faɗi ta gabas inda Majami'ar San Marko take. Nan ne mahaɗar mulki da addini da kasuwancin Jamhuriyar Venis, har zuwa 1797 da Napoleon ya kawo ƙarshenta.

Tarihi

Da fari filin ƙarami ne, wata hanyar ruwa ta ratsa shi. A zamanin Sebastiano Ziani, wanda ya riƙe sarautar Doje, wato shugaban jamhuriya, daga 1172 zuwa 1178, aka cike wannan ruwa aka faɗaɗa wurin. Daɓen da ake takawa a yau Andrea Tirali ne ya tsara shi a 1723: dutse mai duhu da aka ratsa da layukan farin dutse.

Majami'ar San Marko

A 828 wasu fatake 'yan Venis suka kawo gawar da aka yi imani ta Markus ce, wato San Marko, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila, daga Iskandariya ta Masar. Dominta aka gina majami'ar farko, wadda gobara ta ci a 976. Ginin yanzu an fara shi a 1063, aka keɓe shi a 1094. Yana da ƙubba biyar, an kuma kwaiko fasalinsa daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau. Bangaye da rufin ciki an lulluɓe su da zanen da aka jera da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, faɗinsu ya haura murabba'in mita 8,000. Ba a kwantar da gutsattsarin sumul ba, kowanne da ɗan karkacewarsa, shi ya sa bangon yake walƙiya idan mutum ya motsa.

Dawakai huɗu na tagulla da aka kafa a saman ƙofar majami'ar ganima ce da aka kwaso daga Kustantiniya a 1204, lokacin Yaƙin Salibi na huɗu. Napoleon ya kai su Paris a 1797, aka maido su a 1815. Na asalin yanzu suna ciki, na waje kwafinsu ne.

Sauran gine-gine

Hasumiyar ƙararrawa tana da tsayin kusan mita 99. Daga samanta Galileo ya nuna wa manyan gari madubinsa na hangen nesa a 1609. Ta rushe gaba ɗaya ranar 14 ga Yuli 1902 ba tare da rasa ran mutum ba, aka sake gina ta daidai da kamanninta, aka buɗe a 1912.

A arewa akwai hasumiyar agogo da aka kammala a 1499. Agogon yana nuna sa'a da halin da wata yake ciki, a samansa kuma mutum-mutumi biyu na tagulla suna buga ƙararrawa da guduma. Dogayen gine-gine masu baranda da ake kira Procuratie sun kewaye filin, a da ofisoshi ne da gidajen manyan jami'an jamhuriya. A ƙarƙashinsu gidan shan gahawa na Florian yake, yana aiki tun 1720.

Ta kudu filin ya miƙe zuwa bakin ruwa. A nan Fadar Doje take, wadda aka fara ginin siffarta ta yanzu a 1340, kuma ta haɗa majalisa da kotu da kurkuku. Ginshiƙai biyu na bakin ruwa, ɗaya ɗauke da zaki mai fukafukai, alamar birnin, su ne ƙofar da baƙon da ya zo ta teku yake fara gani.

Ambaliya da ziyara

Dandalin yana cikin wurare mafi kwari a birnin. Idan teku ta cika, musamman daga kaka zuwa hunturu, ruwa yakan fara ɓulɓulowa ta magudanan daɓe, sai a jera katakai masu ƙafa mutane su bi ta kai. A ma'aunin cikar teku, ruwan ya kai santimita 194 a Nuwamban 1966, ya kai 187 a Nuwamban 2019. Gishirinsa ne babban abin damuwa, domin yana shiga tubali da marmara yana cin su a hankali. Tun 2020 ana ɗaga shingayen tare ruwa da ake kira MOSE a mashigun teku, a 2022 kuma aka kewaye majami'ar da shingen gilashi.

Ba a shiga dandalin da mota, sai da ƙafa ko jirgin ruwa. An hana ba tattabaru abinci tun 2008 saboda kashinsu yana lalata dutse, ana kuma buƙatar mai shiga majami'a ya rufe kafaɗu da gwiwoyi. UNESCO ta sanya Venis cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, kuma daga 2024 hukumar birnin ta fara karɓar kuɗin shiga a wasu ranaku daga masu ziyarar wuni ɗaya don rage cunkoso.