Daga Akwatin Mai Hoto Zuwa Wayar Hannu a Ƙasar Gobir

Dattawan Isa da Sabon Birni ba su manta mai hoton akwati ba. Ranar kasuwa yakan kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya rataya zane a bango, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. A cikin akwatin nan yake wanke hoton, baƙi da fari, ka tsaya ka karɓa. Ba lantarki, ba fitila. Rana ce kaɗai jarinsa, don haka ya san ta sarai. Ba ya ɗaukar mutum da rana tsaka. Sai ya kai shi bakin inuwa, ya ɗan karkatar masa da fuska, haske ya bugo ta gefe, tsagen Gobirci ya fito ɗaya bayan ɗaya a kumatu.

Da irin wannan sanin Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, inda ya buɗe shago a 1948. Yawanci sau ɗaya yake ɗaukar mutum, da hasken rana, yau ga hotunansa a gidajen tarihin Turai da Amurka.

A shekarun 1980 hoto mai kala ya bazu. Fim ɗaya hoto 36 ne, kuma wanki sai an kai birni, Sakkwato ko Kano. Mai hoto ba ya ganin aikinsa sai bayan kwanaki. In hoton amarya ya ƙone, ba a sake biki. Ga shi an auna fim ɗin da fatar Turawa, wanda bai iya haske ba sai ya mayar da baƙin mutum inuwa, haƙora kawai ake gani. A nan aka riƙa bambance gwani da ɗan koyo, ko da kyamararsu iri ɗaya ce.

Wayar salula ta fara bazuwa a Najeriya a 2001, daga baya Tecno ta gyara kyamararta don baƙar fata. Yanzu yaro yakan ɗauki hoto hamsin a wurin suna, a rasa guda na ratayawa: kai a yanke, rana a bayan mai jego.

Na'ura ta yi arha, ido bai yi ba. Tsoffin masu hoto suna ƙarewa, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka da hotunan da ke cikinsu. Matashin da ke son sana'ar nan, kafin ya sayi sabuwar waya, ya nemi ɗaya daga cikin tsoffin masu hoton ya zauna gabansa ya koyi haske.