Richelieu: Sunan da Ya Tashi Daga Fada Ya Faɗa Teku

Faransawa suna da al'adar raɗa wa jiragen ruwansu na yaƙi sunayen mazan jiya. Idan jirgi ya tsufa aka yanka shi aka sayar da ƙarfensa, ba a binne sunan tare da shi. Ajiye shi ake yi har a ƙera wani sabo, sannan a yi wa tsohon takwara. Ta haka sunaye irin su Jean Bart da Colbert da Suffren suka yi ta sauya gangar jiki, daga jirgin katako mai tafiya da iska zuwa na ƙarfe mai tururi, har zuwa na zamaninmu. A cikinsu duka, wanda ya fi dacewa mutumin Afirka ta Yamma ya san labarinsa shi ne Richelieu, domin a gaɓar Dakar jirgi mai wannan suna ya yi faɗansa mafi girma, kuma abin da faɗan ya haifar ya kai har Damagaram da Maraɗi.

Mai sunan na asali shi ne Armand Jean du Plessis, wanda aka haifa a 1585. Malamin cocin Katolika ne. Ya zama bishop tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kai matsayin kadinal a 1622, sannan a 1624 Sarki Louis na 13 ya miƙa masa ragamar mulki, ya zama waziri mai cikakken iko har mutuwarsa a Disamba 1642. A lokacin da ya karɓi aiki, Faransa ba ta da rundunar ruwa da za a nuna. Kowane babban basarake na bakin teku yana riƙe da nasa yanki da nasa jiragen. Abin ya kai ga a 1625, da sarki ya so murƙushe 'yan Furotesta na ƙasarsa da suka yi tawaye a teku, sai da ya ari jirage daga Holan da Ingila. Wannan ya ci wa Richelieu tuwo a ƙwarya. A 1626 ya sa aka naɗa shi shugaban duk harkar sufurin ruwa da cinikin teku, shekara ɗaya bayan haka ya soke tsohuwar sarautar adimiral ta Faransa, ya tattara komai a hannunsa.

An ga irin zuciyarsa a La Rochelle. Birni ne na 'yan Furotesta a bakin Tekun Atlantika, mai ganuwa da dukiya, kuma yana dogaro da agajin Ingila ta ruwa. A 1627 zuwa 1628 Richelieu ya yi masa ƙawanya, ya sa aka gina katangar duwatsu da nitsattsun jirage, tsawonta ya haura kilomita guda, ya toshe mashigar ruwan. Jiragen Ingila suka zo suka koma ba su iya ƙetarawa ba. Da birnin ya miƙa wuya bayan fiye da shekara guda, yunwa ta cinye mafi yawan mutanensa. Daga wajen 27,000, waɗanda suka rage ba su wuce 5,000 ba. Duk wanda zai yaba wa mutumin nan da gina ƙasa, ya kamata ya tsaya a kan wannan adadi kafin ya wuce.

Shi ne ya fara mayar da Brest sansanin jiragen yaƙi a 1631, a zamaninsa aka ƙera katafaren jirgin nan La Couronne, kuma shi ne ya ɗaure wa kamfanonin da suka kai tutar Faransa ƙetare gindi: na Kanada a 1627, na tsibiran Amurka a 1635, shekarar da Faransawa suka kama Guadeloupe da Martinique. Ba a jima ba tsibiran suka zama gonakin rake da bayi 'yan Afirka ke nomawa. 'Yan kasuwar Normandi ma a zamaninsa suka sami izinin mallake cinikin gaɓar Sanagal. Aƙidarsa guda ce: iko na gwamnati ne, kuma duk wanda ke ƙarƙashinta, basarake ne ko malami ko soja, biyayya ce tasa.

Da yake malamin coci ba ya aure, sarautar da sunan suka bi ta zuriyar 'yar'uwarsa. Mutum biyu daga cikinsu sun yi fice. Na farko, Marshal Richelieu, ya rayu shekara 92, kuma shi ne ya ƙwace tsibirin Minorca daga hannun Ingilishi a 1756, abin da ya sa Ingila ta harbe adimiral ɗinta, John Byng, bisa zargin bai yi iya ƙoƙarinsa ba. Na biyu, jikan wannan, juyin juya halin 1789 ne ya kore shi daga gida. Ya shiga hidimar sarkin Rasha, aka naɗa shi gwamnan Odesa a 1803, ya ɗauki ƙaramin gari a bakin Bahar Aswad ya mayar da shi babbar tashar fitar da alkama. Mutum-mutuminsa na tsaye a can har yau, a saman matakalar da ke gangarawa tashar jirage. Bayan faɗuwar Napoleon ya koma Faransa ya zama firayim minista, kuma shi ne ya shawo kan ƙasashen da suka ci Faransa da yaƙi suka janye sojojinsu a 1818.

Babban jirgin yaƙi na farko da ya yi suna da wannan suna an saka shi a ruwa a Toulon a 1873. Jirgi ne na tsakanin zamani biyu: jikinsa katako, an lulluɓe shi da sulken ƙarfe, yana da injin tururi kuma yana da filafilan iska. Ya jagoranci rundunar Bahar Rum, gobara ta kama shi a tashar Toulon a ƙarshen 1880 har ya nitse, aka tsamo shi aka gyara. Bai taɓa yin wani babban yaƙi ba, a ƙarshe aka sayar da shi a 1911.

Na biyun shi ne labari. A 1934 Italiya ta Mussolini ta fara ƙera manyan jirage biyu masu nauyin tan 35,000, sai Faransa ta ga ba ta da abin da za ta tare su da shi a Bahar Rum. A Oktoba 1935 aka aza harsashin Richelieu a Brest, garin da mai sunan ya fara mayarwa sansanin jiragen yaƙi shekara ɗari uku da suka wuce. Tsawonsa ya kusa mita 248, har ramin da ake ƙera shi bai ɗauke shi ba, sai da aka gina goshinsa da wutsiyarsa daban aka haɗa daga baya. Manyan igwoginsa takwas ne, faɗin bakin kowace milimita 380, an jera su huɗu-huɗu a hasumiya biyu, dukkansu a gaba. Harsashi guda ya kusa kilo 900, kuma jirgin na iya gudun da ya haura kilomita 55 a awa. An saka shi a ruwa a Janairu 1939.

Ana cikin ƙarasa shi Jamus ta auka wa Faransa. Ranar 18 ga Yuni 1940, da sojojin Hitler suka doso Brest, jirgin ya sulale ya fita teku da harsasai kaɗan da albarushin da bai taka kara ya karya ba, ya nufi Dakar. A wannan rana ce kuma wani janar da ba kowa ya san shi ba, Charles de Gaulle, ya yi magana ta rediyon BBC daga Landan, ya ce Faransa ba ta gama yaƙi ba. Jirgin ya isa Dakar ranar 23 ga wata, kwana guda bayan gwamnatin Marshal Pétain ta sa hannu a kan ajiye makamai.

Daga nan al'amura suka dagule. Firayim Ministan Birtaniya, Churchill, na tsoron kada jiragen Faransa su faɗa hannun Jamus. Ranar 3 ga Yuli jiragen Birtaniya suka buɗe wuta a kan rundunar Faransa a Mers el-Kébir da ke Aljeriya, suka kashe sojojin ruwa kusan 1,300, mutanen da makonni biyu da suka wuce abokan yaƙinsu ne. Bayan kwana biyar, jiragen sama da suka tashi daga jirgin Birtaniya HMS Hermes suka jefa wa Richelieu nakiyar ƙarƙashin ruwa a Dakar, ta fasa masa baya, ta hana shi doguwar tafiya. Sai an riƙe wannan a zuciya ne za a fahimci abin da ya biyo baya. Matuƙan jirgin ba masoyan Hitler ba ne. Mutane ne da aka kashe musu 'yan'uwa, aka kuma horar da su a kan cewa soja na bin gwamnatin da ke kan kujera, ko wace iri ce.

A ƙarshen Agusta, Chadi a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué ta bi de Gaulle, Kamaru da Kwango suka biyo baya. De Gaulle ya yi zaton Dakar ma za ta bi. Dakar ce hedikwatar duk ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma, daga Sanagal har Nijar, ga babbar tasha a kan hanyar Atlantika, ga kuma zinariyar bankunan Faransa da Beljiyam da Poland da aka kawo aka ɓoye a can cikin ƙasar. Ranar 23 ga Satumba 1940 ya iso bakin garin da manyan jiragen Birtaniya biyu, Barham da Resolution, da mai dakon jiragen sama Ark Royal. Niyyarsa mutanen gari su farka su ga teku cike da jirage, su karaya. Sai hazo ya rufe komai, ba wanda ya ga rundunar. Manzanninsa suka shiga tasha da farar tuta, aka ƙi sauraronsu, aka harbe su suna komawa, har shugabansu Thierry d'Argenlieu ya ji rauni. Gwamna Janar Pierre Boisson ya ce zai kare Dakar har ƙarshe. Yunƙurin sauke sojoji a Rufisque ma ya ci tura.

Kwana uku ana ɓarin wuta. Richelieu na ɗaure a tasha yana harbi, har harsashi ya fashe a cikin ɗaya daga igwoginsa, hasumiya guda ta daina aiki. A rana ta uku wani jirgin ƙarƙashin teku na Faransa, Bévéziers, ya fasa cikin Resolution, sai Birtaniya ta janye. A littattafan Turai an fi ba da labarin a matsayin abin baƙin ciki na Bafaranshe ya harbi Bafaranshe. Abin da ya fi damuna shi ne harsasan da suka wuce tasha suka faɗa unguwannin gari, suka kashe mutanen Dakar waɗanda ba wanda ya tambaye su ko Pétain suke so ko de Gaulle.

Nasarar Boisson ta sa duk Afirka ta Yamma ta Faransa ta zauna a hannun gwamnatin Pétain da ke Vichy fiye da shekara biyu. Aka wayi gari a kewayen Tafkin Chadi akwai iko uku: Fort-Lamy, hedikwatar Chadi, na de Gaulle, Yamai da Damagaram na Pétain, Kano da Maiduguri na Ingilishi. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, wadda 'yan'uwa da fatake ke ƙetarawa kullum, ta zama iyakar abokan gaba, cinikin da aka gada kaka da kakanni ya koma fasa-ƙwauri. Faɗan giwaye ne, ciyawa ta sha wuya.

A Nuwamba 1942 Amurka da Birtaniya suka sauka a Maroko da Aljeriya. Ƙanen Richelieu, wato jirgin Jean Bart, wanda ya gudo Casablanca ba a gama shi ba, ya yi musayar wuta da jirgin Amurka Massachusetts har aka ragargaza shi. Kafin wata ya ƙare Boisson ya juya ya bi ƙawancen Amurka da Birtaniya, jirgin da ya kare masa Dakar shi ma ya juya. A farkon 1943 Richelieu ya ƙetara Atlantika zuwa New York, aka gyara shi a ma'aikatar jirage ta Brooklyn, aka ciro igwogi daga Jean Bart aka maye masa waɗanda suka lalace. Tun a can wasu daga matuƙansa suka tsere suka bi rundunar de Gaulle, don ba su yarda da hafsoshin da jiya suke rataye hoton Pétain ba. Daga nan ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da rundunar da ta fasa shi a Dakar, da farko a ruwan Norway, sannan a Tekun Indiya, inda ya yi ruwan wuta a kan sansanin Japan na Sabang a 1944. Da yaƙi ya ƙare, aikinsa na gaba shi ne raka sojojin da Faransa ta tura su sake kama Indochina. Zamanin manyan igwogi ya riga ya wuce, jirgin sama ya karɓe teku. Ya ƙare rayuwarsa a ɗaure a Brest ana koyar da sababbin sojoji a cikinsa, a 1968 aka ja shi zuwa La Spezia a Italiya aka yanka.

Sunan ya kusa samun jiki na uku. A Fabrairu 1986 gwamnatin Shugaba François Mitterrand ta ba da umarnin ƙera jirgin dakon jiragen sama na Faransa na farko mai amfani da makamashin nukiliya, aka sa masa Richelieu. Wata guda bayan haka jam'iyyar Mitterrand ta faɗi zaɓen majalisa, Jacques Chirac, magajin siyasar de Gaulle, ya zama firayim minista. A Mayu 1987 aka sauya sunan zuwa Charles de Gaulle. Zaɓi ne tsakanin mutum biyu da kowannensu ya ɗauki ƙasa a kafaɗarsa: wanda ya koya wa Faransawa cewa umarnin gwamnati ba ya da ja, da wanda ya ƙi bin umarnin gwamnati a lokacin da ta miƙa wuya, har kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. A ganina Chirac ya yi daidai, ko da siyasa ce ta motsa shi, domin abin da ya faru a Dakar ya nuna inda biyayya tsagwaronta ke kai mutum. An ƙera jirgin a Brest, aka saka shi a ruwa a 1994, ya shiga aiki a Mayu 2001, kuma kafin shekarar ta ƙare aka tura shi Tekun Indiya, jiragensa na sama suka shiga yaƙin Afghanistan.