Wa Ya Kori Raleigh Daga Hanyar Batsari?

Wani mai karatu daga Safana ya aiko da tambaya: ya ga masu gyara sun koma tono tsofaffin kekuna daga zaure, to me ya jefa su can tun farko? Amsar da aka saba bayarwa ita ce Udoji. Ni kam ban gamsu da ita ba.

Keken da ake magana a kai shi ne baƙin Raleigh mai tambarin kan zalɓe, ɗan birnin Nottingham na Ingila, inda Frank Bowden ya kafa kamfanin a 1888. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, tayarsa inci 28, ga gidan sarƙa da ke hana ta cin bakin riga. Kasuwarsa ta yi ƙarfi a Arewa har aka buɗe masana'antarsa a Kano. A ƙasar Sarkin Ruma da ta Yarima, wato Batsari da Safana, malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwa duk shi suke hawa, kuma sai an yanki lasin a wurin En'e. Mai shi kan naɗe jikinsa da roba mai launi don kada fenti ya goge, ya ƙara madubi biyu, ko da ɗaya ya isa.

Masu cewa Udoji ne suna da hujja. Kwamitin Jerome Udoji ya ba da rahoto a 1974, aka ƙara albashi, aka biya ariyas, ma'aikata suka ruga sayen Honda da Vespa. Amma mutum nawa ne ke karɓar albashi a Runka ko Wagini a lokacin? Kuɗin ya tsaya ne a aljihun ɗan birni. Manomi ya ci gaba da ɗaure buhun rogo a kariya shekara ashirin da ɗoriya bayan nan. Da Raleigh ya yi tsada, sai ya koma Phoenix na Sin da Hero na Indiya, waɗanda kusan kwafinsa ne.

Abin da ya sauke shi daga sirdi, a ganina, shi ne babur mai araha irin su Jincheng da ya cika kasuwa wajen shekarar 2000, ga fetur mai tallafi, ga acaɓa ta zama sana'a. Gwamnati ma ta lura, a makare: a 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ɗau yekuwar a koma keke, ya hau nasa a Abuja, wata bas ta ture shi cikin kwata. 'Yan jarida sun sha dariya, maganar ta mutu. Shekara guda bayan nan masana'antar Nottingham ta daina ƙera keke.

Sauran labarin kowa ya sani. 'Yan bindigar dajin Rugu suka mai da babur abin tsoro, a 2021 Gwamna Masari ya taƙaita hawansa da dare tare da hana sayar da fetur a jarka, a 2023 aka cire tallafin fetur.

Shi ya sa masu gyara suka samu aiki. Tsohon Raleigh ba ya son wahala: a jiƙa sarƙa a kananzir, a sauya boris a cika giris, a ɗaure wayoyin gargare har ya daina rawa, a shafa wa sirdin fata mai. Inda ake shan fama shi ne kayan asali, don galibi sai an yanka keke ɗaya a tayar da wani.