Daga Mashigin Barrow zuwa Kwara

Ruwan da ke fitowa daga madatsar Bakolori ya ratsa fadamun Maradun da Talata Mafara da Bakura, a kusa da Sakkwato yake haɗuwa da Rima, daga can ya faɗa Kwara. Manomin waɗannan fadamu ba shi da dalilin danganta gulbinsa da tekun ƙanƙara na arewacin Kanada. Amma a ƙarni na 19 mutum ɗaya ne a Landan ya fi kowa ingiza binciken ruwayen biyu, wato John Barrow, sakatare na biyu a ma'aikatar sojan ruwan Ingila.

Burinsa a arewa shi ne hanyar jirgi daga Atlantika zuwa Fasifik ta tsakanin tsibirai, inda ƙanƙara ke toshe ruwa mafi yawan shekara. William Parry ya kutsa can a 1819, ya sa wa wani mashigi sunan Barrow. John Franklin ya tashi a 1845 da jirage biyu, su 129, ba wanda ya komo. Mutanen Inuwit sun ba John Rae labarin ƙarshensu a 1854, amma da yawa a Landan suka ƙi yarda. Sai a 2014 da 2016 aka gano jiragen, kuma bayanin Inuwit ne ya yi jagora. Roald Amundsen, wanda ya fara ƙetare hanyar da jirgi tsakanin 1903 da 1906, sai da ya zauna da Inuwit ya koyi sa tufafin fata da tuƙa karnuka.

A ganina abin da ya faru a Sakkwato a 1824 ya fi wannan sarƙaƙiya, domin a nan mai ilimin yana da mulki a hannunsa. Hugh Clapperton, Baturen da ya zo binciken Kwara, ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa Kwara a kan ƙasa, ya ce teku take faɗawa. Taswirar da aka ba shi daga baya kuwa ta karkata ruwan gabas, wajen Masar, sannan aka hana shi zuwa Yawuri. Da wuya a kira wannan rashin sani. Sarkin da ya ji labarin yadda Ingilishi suka mamaye Indiya ba zai miƙa wa baƙo ƙofar ƙasarsa ta ruwa haka kawai ba.

Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander da ƙanensa John ne suka bi Kwara a kwalekwale daga Busa har teku a 1830.