Dangwale Ba Ya Nuna Fahimta: Buƙatar Horar da Masu Bincike a Kan Yi wa Jama'a Bayani

A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin kuwa ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyayen kuma sun amince da baki. An kwashe shekaru ana shari'a a Nijeriya da Amurka, kafin a sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Babban abin da aka yi ta jayayya a kansa shi ne me aka faɗa wa uwar da ta kawo ɗanta, kuma me ta fahimta.

Ɓarnar ba ta tsaya a asibitin ba. Da Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da jama'a ke kafawa. Kafin a koma yin rigakafin a 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Ƙa'idoji dai akwai su. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 sun wajabta neman yardar mutum kafin a yi bincike a kansa, Nijeriya ma ta fitar da nata kundin a 2007. Inda giɓin yake shi ne horo. Sau da yawa ɗalibin digiri na biyu yakan ƙware a ƙididdiga da tsara tambayoyi, amma ba a taɓa zaunar da shi an ji yadda zai yi wa manomi bayanin aikinsa ba. Sai ya tafi da takarda mai shafuka da yawa cikin Turancin lauyoyi, tafinta ya taƙaita ta yadda ya ga dama, a sa mutum ya dangwala.

Horon da ake buƙata zai fara da abubuwan da suka fi rikitar da mutane. Dole mai bincike ya iya faɗa da bakinsa cewa wannan aiki neman sani ne, kuma ba a tabbatar maganin zai warkar ba. Cewa ƙuri'a ce za ta raba wanda zai sha wannan da wanda zai sha wancan. Cewa ga inda za a kai jinin da aka ɗiba. Cewa wanda ya ƙi, ko ya janye daga baya, za a ci gaba da duba shi kamar kowa. Bayan haka sai ya nemi mutumin ya maimaita abin da ya ji da nasa kalmomin, domin "to, na ji" a wajen Bahaushe kan zama ladabi ne kawai ga baƙo. A Gambiya, wani mai bincike, Muhammed Afolabi, da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta MRC sun gwada yin bayanin ta hanyar murya da bidiyo cikin harsunan ƙasar, suka kuma tarar mutane sun fi fahimta a kan yadda aka saba yi.

Sashe na biyu na horon shi ne sanin al'ada, wanda ya shafi ingancin sakamakon kansa. Tsakanin 1949 da 1950, wani mai bincike mai suna M. G. Smith yana nazarin rayuwar ƙasar Zazzau, amma a matsayinsa na namiji ba shi da hanyar shiga wajen matan kulle. Matarsa Mary ce ta zauna da wata dattijuwa tana rubuta tarihinta da Hausa, aikin da ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Har yau wanda ya tura namiji ya yi wa matan aure tambaya a kan haihuwa zai dawo da amsar zaure. Wanda bai san alkunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari ba zai iya yin kuskure wajen ƙidayar 'ya'ya. Wanda ya shiga gari bai gaida mai unguwa da liman ba, zai tarar da ƙofofi a rufe. Sai dai izinin shugaba ko na maigida shiga kawai yake bayarwa. Yardar matar da za a ɗebi jininta tana nan a hannunta, kuma sai an nema a inda za ta iya cewa a'a.

Wasu na ganin irin wannan tsari yana cin lokaci da kuɗi, kuma sauya kalmomi daga wuri zuwa wuri zai hana a kwatanta sakamakon ƙasashe. Damuwar tana da tushe, amma tun 1970 wani masani mai suna Richard Brislin ya bayyana hanyar da wani zai fassara tambayoyi, wani dabam ya mayar da su harshen asali, a gano inda ma'ana ta kauce. Idan aka haɗa wannan da gwada tambayoyin a kan mutane kaɗan tun farko, kwatancen zai fi inganci, tunda tambayar da aka fahimta iri biyu a garuruwa biyu ba ta auna abu ɗaya ba.

Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna da masana Hausa da tsangayar likitanci a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Za su iya haɗa kwas na dole, inda ɗalibi zai yi bayanin bincikensa gaban ungozoma ko ɗan kasuwa, a ba shi maki bisa abin da suka fahimta. Kwamitocin ɗa'ar bincike kuma su riƙa sauraron bayanin baka da za a yi a fili, su nemi a rubuta takardar da boko da ajami kafin su ba da izini.